Idan kana zargin ka kwashi ciwon sanyi: yadda zaka bi ta asibitin gwamnati maimakon kemis

Abu na farko da ya kamata mu cire a kanmu shine babu wata cuta guda ɗaya mai suna sanyi. Mu ne dai muka tattara komai muka zuba a kwando ɗaya, mace tana ƙaiƙayin gaba sanyi ne, namiji yana zafin fitsari sanyi ne, mara tana ciwo sanyi, haihuwa ta tsaya sanyi, har wanda ƙarfinsa ya ragu a shimfiɗa cewa ake sanyi ne ya cinye shi. Toh a asibiti ba haka lissafin yake ba. Akwai gonoriya, ita ce asalin wadda iyayenmu ke kira ciwon sanyi, mai sa namiji fitar mugunya da zafin fitsari kamar an zuba barkono. Akwai kilamidiya da take zuwa shiru shiru. Akwai tunjere, wato sifilis. Akwai tirikomonas mai sa mace fitar ruwa mai wari, sannan ga hapis mai ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi, ga HPV mai kawo tsiro a gaba da kuma sankarar bakin mahaifa, ga ciwon hanta nau'in B, ga HIV. Kowacce da ƙwayar cutarta, kowacce da maganinta, huɗun farko ana warkewa tas, sauran kuma danne su ake ko a yi rigakafinsu. Shi yasa wanda ya ɗauko jarka ɗaya a tasha yana ihu a lasifika yana cewa tana maganin sanyi kowane iri, ko bai san me yake faɗa ba ko kuma ya sani kuɗinka kawai yake so.

Kuma ba ƙaramin abu bane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an samu sabbin kamuwa miliyan 374 na waɗannan huɗun da ake warkewa tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kaga kenan sama da mutum miliyan ɗaya kullum ta Allah. Tirikomonas miliyan 156, kilamidiya miliyan 129, gonoriya miliyan 82, tunjere kuma wajen miliyan 7. Saboda haka in ka shiga ɗakin likita da wannan matsalar ba kai ne na farko ba a ranar, watakila ma ba kai ne na biyar ba.

Abin da ya canza, wanda yasa tsohuwar dabara bata ci yanzu

Abu biyu ne masu duba marasa lafiya a asibitocin birane suke ta gani suna ƙaruwa. Na ɗaya gonoriya ta yi taurin kai. Da can penisilin ke kashe ta, ta saba dashi. Aka koma tetracycline, ta saba. Aka koma su ciprofloxacin, wannan Cipro ɗin da har yau yaron kemis zai ƙirgo maka guda goma ya ce safe da yamma, alhali a Amurka tun 2007 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta ce a daina amfani da dangin Cipro wajen gonoriya saboda ya daina kamawa. A ƙarshen 2020 ma sai da suka ninka allurar gonoriya mai suna ceftriaxone daga miligiram 250 zuwa 500. A 2018 an samu wani mutum a Ingila da ya kwaso gonoriya a kudu maso gabashin Asiya wadda ta ƙi jin manyan magungunan biyu da ake ji dasu a lokacin. Meye ya kawo haka? Irin abin da muke yi ne kullum, a sha kafso biyu ja da yalo, zafi ya lafa, a watsar, ƙwayoyin cutar masu rauni su mutu masu ƙarfin su rage su hayayyafa, sai a kai wa wani.

Na biyu tunjere da aka ɗauka cutar mutanen da ce ta dawo. Hukumar ta duniya ta ce a 2022 manya miliyan 8 ne suka kamu, kuma an samu wajen jarirai 700,000 da cutar ta shafa tun daga ciki. Ko Amurka da duk kuɗinsu, jariran da aka haifa da ita a 2022 sun haura 3,700, ninki goma na abin da aka gani a 2012. In ƙasar da gwaji yake ko'ina abin ya kuɓuce musu haka, ina ga inda mace sai cikinta ya kai wata bakwai take fara zuwa awo.

Toh ga yadda ake yi.

Kafin ka fita daga gida

Kar ka sha komai. Na san wannan shine mafi wuya domin zafin fitsarin gonoriya ba wasa bane kuma kemis yana bakin layi, amma duk Ampiclox ko Cipro da ka haɗiya kafin gwaji zai iya ɓoye cutar a kasa ganinta a lab alhali tana nan bata mutu ba. Paracetamol ba laifi. In kuma ka riga ka sha, shikenan an wuce wurin, ka ɗauki kwalin ko fallen maganin ka sa a aljihu ka nuna wa likita, har da na gargajiyan, kar kaji kunya, ya fi son ya sani.

Namiji ya yi ƙoƙari kar ya yi fitsari na aƙalla awa ɗaya kafin a ɗauki samfur, saboda fitsari yana wanke bututun ne ya tafi da abin da ake nema. Kuma kar ka matse mugunyar ka goge tas wai don kar likita ya ƙyamace ka, ita ake so a gani. Ke kuma 'yar uwa, kar ki yi matsi, kar ki kama ruwa da Dettol ko bagaruwa ko ruwan gishiri ko alif kina cusawa ciki ranar da zaki je, wanke waje da ruwa kawai ya isa. Ki tuna ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe domin sai an tambaye ki, kuma in akwai yiwuwar ciki ki faɗa tun kafin a rubuta magani, akwai waɗanda mai ciki bata sha.

Sannan ka zauna ka yi lissafi tsakaninka da Allah: yaushe abin ya fara, yaushe ne saduwa ta ƙarshe, da mutum nawa a cikin wata biyu da suka wuce. Wannan lissafin yana da amfani sosai domin kowace cuta da lokacin da take ɗauka kafin ta bayyana. Gonoriya a jikin namiji yawanci cikin mako ɗaya take nuna kanta, kilamidiya mako ɗaya zuwa uku in ma zata nuna, gyambon tunjere kuma wajen mako uku amma yana iya kaiwa wata uku.

A daina saduwa daga yau har a gama. Ba sai na yi dogon bayani ba.

Ina za a je

Ba sai ka tafi babban asibitin koyarwa ba. Asibitin unguwa na matakin farko, wanda ake cewa sha-ka-tafi, yana iya duba mafi yawan waɗannan, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ka gaba. A Kano mutane na zuwa Asibitin Murtala, ko Asibitin Zana, ko na Malam Aminu Kano in abu ya yi tsanani, a Kaduna akwai Barau Dikko, kowane babban gari dai da janar asibitinsa. Ka tafi da sassafe, kowa ya san layin yankar kati. Mai yankar kati ba likita bane, ba dole ka zayyana masa komai a gaban mutane ba, ka ce ciwon mara ne ko matsalar fitsari kana son ganin likita, ya wadatar. In unguwarku kowa ya san kowa kuma nas ɗin ƙawar yayarka ce, hau adaidaita ka tafi wata unguwar, babu wanda ya ce dole sai asibitin da ke kusa da gidanku. Mace tana da damar cewa mace take so ta duba ta, ko a samu wata nas ta tsaya a ɗakin lokacin dubawa.

Nan ne wajen da yawancinmu muke ɓata komai: a shiga ɗakin likita a fara kewaye kewaye. "Likita jikina ne ba daɗi, zazzaɓi zazzaɓi haka, sai kuma bayana." Likita yana da layin mutum sittin a waje, zai rubuta maka maganin maleriya ne ka fita, ka dawo gida da abinka. Faɗi kai tsaye: ina fitar da ruwa ta gaba kwana huɗu, kalarsa kaza, fitsari na min zafi, na sadu da wata kwana goma da suka wuce ba kwaroron roba. In ta baki ko ta baya aka yi shima a faɗa, saboda gonoriya tana zama a maƙogwaro da dubura ba tare da wata alama ba, kuma gwajin fitsari ba zai gano ta can ba. Likita ba alƙali bane ba kuma ɗan Hisba ba, kuma aikinsa ya haramta masa fitar da sirrinka. Eh, akwai ma'aikatan da bakinsu bai da linzami, na taɓa raka wata 'yar uwa wani asibiti wata ma'aikaciya ta ɗaga murya tana mata tambayar da bai kamata a yi a bainar jama'a ba, ranar raina ya ɓaci sosai, amma maganin wannan shine a canza ma'aikaci ko a canza asibiti, ba a koma wajen mai lasifika ba.

Gwajin da zaka nema, da wanda zaka yi hattara dashi

A yawancin asibitocin gwamnati na wajenmu ba kowace cuta ake iya gwadawa ba, na'urar da ke gano kilamidiya da gonoriya daidai tana da tsada. Shi yasa ake bin tsarin duba alamomi, wato in namiji ya zo da mugunya a ba shi maganin gonoriya da na kilamidiya a tare tunda sau da yawa tare suke tafiya. Kar ka ce likitan bai san aiki ba don bai tura ka lab ba, tsari ne da aka amince dashi. Amma akwai guda uku na jini da ya kamata ka buɗe baki ka nema ko da ba a ce ba: HIV, tunjere, da ciwon hanta B. Dukkansu akwai na gaggawa da ake ɗan huda yatsa, cikin minti ashirin zuwa talatin an gama. Gwajin HIV kyauta ne a mafi yawan asibitocin gwamnati, maganinsa ma kyauta ne. Dalilin neman su shine hanyar da ta kawo ɗaya ita ke kawo sauran, kuma gyambo ko kumburi a gaba yana buɗe wa HIV ƙofa.

Wani zai ce ai mu nan arewa HIV ba yawa. Gaskiya ne babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari a ƙasa baki ɗaya, arewa maso yamma kuma ita ce mafi ƙaranci da kashi 0.6, amma ka lissafa yawan mutanen Kano kaɗai kaga ko kashi kaɗan mutane nawa ne. Ciwon hanta B kuwa wannan binciken ya nuna wajen kashi 8 cikin ɗari, kusan mutum ɗaya cikin sha biyu, kuma mafi yawansu basu sani ba.

Ka riƙe wannan: gwajin HIV na yatsa baya ganin kamuwar jiya ko ta makon jiya. Jiki yana ɗaukar lokaci, har zuwa wata uku, kafin irin wannan gwajin ya tabbatar. In yau ya nuna babu, alhamdulillahi, amma ka sake bayan wata uku daga ranar da abin ya faru. Tunjere ma haka, farkon fitowar gyambon jini zai iya nuna babu.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar "staf", domin wallahi an ci kuɗin mutane da wannan kalmar ba kaɗan ba. Mace zata je wani ɗan lab a lungu a ɗauki ruwan gabanta, bayan kwana uku a miƙo takarda an rubuta Staphylococcus, shikenan hankali ya tashi, a fara allurai kala kala na dubban nairori, wata shida ana abu ɗaya, a sake gwaji a sake ganinsa. Wannan ƙwayar tana zaune a fatar mutane masu lafiya da cikin hancinsu, in auduga ta taɓa fata wajen ɗaukar samfur zata fito a sakamako. Tana iya kawo maruru da ciwo a wasu wuraren, amma bata cikin cututtukan saduwa da ake lissafawa, kuma ba ita ke sa jin abu na yawo a jiki ko rashin haihuwa ba kamar yadda masu talla ke faɗa. Lab aikinsa gwaji, likita ne ke fassara takarda. Duk wurin da mai gwajin shine mai rubuta magani kuma shine mai sayarwa, ka kama kanka.

Haka maganar "sanyin masai". Gonoriya da kilamidiya da tunjere ba a ɗaukarsu a bakin masai ko a buta, ƙwayoyin basa jure zama a waje. Na san dalilin da yasa kalmar ta samu karɓuwa, tana rufa asiri, tana hana rigima a gida. Amma ɗaya gefen ma gaskiya ne kuma ya kamata maza su ji da kyau: ba duk ƙaiƙayi ko farin ruwa ne cutar saduwa ba. Akwai kandida, mai farin abu kamar dusar awara da ƙaiƙayi, wadda ko budurwar da bata san namiji ba tana yi, tana yawan zuwa wa mai ciki, mai ciwon suga, da wadda ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai. Akwai kuma rikicewar ƙwayoyin gaba masu amfani, mai kawo ƙarni kamar na kifi, wadda yawan matsi da cushe cushen kayan mata ke jawowa. Akwai ciwon mafitsara na yau da kullum. Wanda ya taso yana wanka a kududdufi ko aikin fadama kuma yana fitsarin jini, a duba tsargiya. Don haka kar wani ya ɗaga wa matarsa hankali da zargi don ta ce tana ƙaiƙayi.

Shan magani

In gonoriya ce, abin da ake yi yanzu allurar ceftriaxone ce guda ɗaya. Na kilamidiya doxycycline sau biyu a rana har kwana bakwai, a sha da ruwa cikin kofi sosai kuma kar a kwanta nan take domin yana ƙona maƙoshi, mai ciki kuma azithromycin ake bata a madadinsa. Tirikomonas metronidazole, wanda muka fi sani da Flagyl, yana sa ɗacin baki da tashin zuciya amma a daure a ƙarasa. Na faɗi sunayen ne don ka gane abin da aka rubuta maka ka kuma iya tambaya, ba don ka kwafa ka kai kemis ba, in baka san wacce kake da ita ba sunan magani ba zai amfane ka da komai ba.

Tunjere ita ce mai yaudara. Tana farawa da gyambo guda ɗaya a gaba ko a baki, mara zafi, a mace ma yana iya ɓuya a ciki bata gani ba, bayan mako uku zuwa shida ya warke da kansa. Toh a nan mai maganin gargajiya ke cin suna, an shafa garinsa gyambo ya tafi, alhali ko ba a shafa komai ba zai tafi. Bayan wasu makonni sai ƙuraje marasa ƙaiƙayi su feso a jiki har tafin hannu da tafin ƙafa, suma su ɓace, cutar ta kwanta shekaru, daga baya ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa ko ido. Maganinta allurar benzathine penicillin ce a ɗuwawu, in sabuwar kamuwa ce sau ɗaya, in ta daɗe ko ba a san yaushe aka kamu ba sau uku, mako mako. Allurar tana da zafi ba ƙarya, kuma wasu suna yin zazzaɓi da ciwon jiki a ranar farko, wannan ba wai maganin bai karɓe ka bane. Wanda ya san penisilin na tayar masa da borin jini ya faɗa tun kafin a zuƙo.

Ka sayi maganin a famasin asibiti ko babban kanti mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Na cikin kwali a kan kai da rana ta gasa tun safe, bar shi.

Bayan allura ko fara magani, kwana bakwai ba saduwa, kuma sai abokin zama shima ya gama nasa. Zafi yakan tafi a kwana biyu, a nan shaiɗan yake zuwa ya ce ai ka warke.

Maganar da ta fi allura zafi

In an yi maka magani ba a yi wa matarka ba, aikin banza aka yi, mako biyu zaka sake karɓar abinka daga inda ka ajiye. In mata biyu ne ko uku ko huɗu, dukkansu ne, a lokaci ɗaya, har da wadda ta ce ita lafiyarta ƙalau, domin mafi yawan mata masu kilamidiya da kusan rabin masu gonoriya basa jin komai. Kuma wannan shirun shine haɗarin: cutar tana hawa sama ta kumbura bututun ƙwai ta toshe su, daga nan sai ciwon mara da baya ƙarewa, ko ciki a wajen mahaifa, ko a yi shekaru ana neman haihuwa ana zargin kishiya da aljanu. Namiji ma tana sauka maraina ta kumbura su, ko ta ƙuntata hanyar fitsari.

Yaya za a faɗa? Ba dole sai an yi taron tone tone ba. Mutum zai iya cewa likita ya same ni da cutar da ake ɗauka tsakanin ma'aurata, ya ce dole mu sha magani tare, ki shirya gobe mu je. Ka roƙi likita ya baka 'yar takarda da zata kai, ko ku shiga tare shi ya yi bayanin. Abin da ban yarda dashi ba shine wanda zai sayo magani ya miƙa wa matarsa ya ce na shawara ne ko na basir, bai san ko tana da ciki ba, bai san ko jikinta na karɓar maganin ba, kuma ya hana ta sanin abin da ya kamata a duba a jikinta. Wannan zalunci ne. Ita ma macen da aka samu da cutar, in tana tsoron abin da zai biyo baya a gida, ta faɗa wa nas ɗin, su kira maigidan da sunan ana son ganinsa, sun saba da irin wannan. Kuma a sani, samun cutar yau baya nuna jiya aka ɗauko ta, kilamidiya da tunjere suna iya zama tun kafin auren, ko daga auren baya. Wanda kuma ba aure tsakaninsu, duk wanda aka sadu dashi cikin kwana sittin da suka wuce ya kamata ya sani, ko ta saƙon waya ne.

Mai ciki ta fara awo da wuri, ta tambaya da bakinta ko an yi mata gwajin tunjere, ba HIV kaɗai ba, wasu asibitocin ma suna da abin gwaji ɗaya da ke duba biyun a tare. Tunjere na kawo ɓari, haihuwar ɗa ba rai, ko jariri mara lafiya, alhali allurar nan in an yi ta da wuri tana kare shi. Matar da take ta haihuwar 'ya'ya ba rai ana cewa wabi, a duba jininta. Jaririn da idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya a makon farko, asibiti a ranar, ba nono ake ɗiga masa ba ba kuma kwalli ba, gonoriya tana makantar da jariri cikin kwanaki. Kuma a tabbatar an yi masa rigakafin ciwon hanta B cikin awa 24 da haihuwa.

Tunda muna kan rigakafi, tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta, guda ɗaya tal, Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin farko. Sankarar bakin mahaifa tana kashe mata wajen 8,000 a shekara a ƙasar nan. An yi ta yaɗa cewa allurar hana haihuwa ce, ba haka bane, ana yinta ne tun yarinya bata yi aure ba saboda a lokacin allurar ta fi aiki. Babba kuma da aka gwada bashi da ciwon hanta B ya nemi rigakafinsa, allura uku ce cikin wata shida. Masu shirin aure a Kano kun san tun 2024 doka ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta da jinotayif kafin ɗaurin aure, ku je ku yi na gaske, kar a sayi takarda, kuma ku ce a ƙara da na tunjere tunda jinin dai an riga an ɗiba.

Kwaroron roba, na san wasu basa son a ambata, amma in ɗaya daga cikin ma'aurata yana ɗauke da wani abu ko ana cikin magani shine kariya mafi sauƙi. Kar a shafa masa basilin ko man kaɗanya ko man gyaɗa, mai yana cinye robar ta fashe.

Komawa

In bayan kwana bakwai mugunya ko zafi bai tafi ba, koma wajen likitan da ya duba ka da katinka, kar ka canza kemis, watakila irin mai taurin kan ce, a lokacin ne ake shuka samfur a lab a ga wane magani ke kashe ta. Ko ka ji garau, a sake dubawa bayan wata uku, domin sake kamuwa daga abokin zama da ba a yi wa magani ba ya fi komai yawa. Mai tunjere zai riƙa komawa ana auna jininsa ana ganin lambar tana sauka, kuma ya ajiye takardar maganinsa da kyau saboda gwajin yatsa yakan ci gaba da nuna akwai har bayan an warke, kar wani wurin a sake ɗirka masa allura ba dalili. Hapis kuma baya fita daga jiki, yana lafawa ya dawo, aciclovir na rage kwanakin da zafin, kuma ba a saduwa lokacin da ƙurajen suka fito.

Akwai waɗanda basa jiran gobe. Mace mai ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi, ko wadda al'adarta ta wuce sannan ga ciwo a gefe ɗaya da jiri ko ɗigon jini, a tafi sashen gaggawa ko tsakar dare ne. Namijin da marainansa suka kumbura farat ɗaya da azabar ciwo, ko fitsari ya ƙi fita sam, shima haka. Wanda aka yi wa fyaɗe, mace ko yaro, ko wanda ya sadu da mai HIV ba kariya, akwai maganin da ke hana cutar kama jiki amma sai an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28, kuma gara a ranar farko da a rana ta uku. A Kano akwai cibiyar Waraka a cikin Asibitin Murtala, a jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama, aikinsu kenan. Kar a tsaya sai an gama zaman sulhu da mai unguwa, a fara kai yarinyar asibiti da kayan da ke jikinta ba tare da an wanke ba.